Masallacin Sarki da Masallacin Unguwa: Daga Kanon Rumfa Zuwa Ƙasar Adar

Littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka tattara daga riwayoyin fada wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma malaman makaranta da yawa suka san shi ta fassarar da ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya kawo labarin zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). Su kimanin 40 ne, daga ƙasar Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite. Suka kira sarki zuwa ga salla, ya amsa. Abin lura a nan shi ne yadda marubucin ya jera al'amuran. Tun ba a kwaɓa ƙasa ba, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba, sai da aka raba aiki. Gurdamus ya zama limamin sarki, Lawal ya zama ladan, Auta aka danƙa wa yankan dabbar da za a ci, Mandawari ya zama limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuwa ya riƙe alƙalanci. Bayan haka ne aka gina masallaci, a ƙarƙashin itaciyar da mutanen gari suke yi wa tsafi.

Limamai biyu ke nan tun ranar farko, ɗaya na fada, ɗaya na jama'a. Wannan rabo shi ne ƙashin bayan tsarin masallatai a biranen Hausa, kuma da shi za mu auna abin da ya faru a Adar, inda tsarin ya zo ta wata hanya dabam.

Ginin bai tafi salin-alin ba. Littafin ya ce Sarkin Garazawa da mutanensa sun riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, har aka sa Ɗan Buji da ƴan sintiri su yi ta kewaya shi daga magariba zuwa wayewar gari. Masallacin farko na Kano sai da ya kwana da masu gadi. Akwai kuma saɓani a kan zamanin. Wani ɗan littafi na Larabci, Asalul Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 bayan hijira (1650-1651), ya ce ayarin ya baro Mali a 835 bayan hijira, wato wajen 1431, ya ratsa Gobir da Abzin da Katsina yana zubar da mutane a hanya, ya iso Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wace riwaya mutum ya ɗauka, malamai ne suka riga gini isowa, kuma baƙi ne.

A zamanin Rumfa (1463-1499) ne masallaci ya zama sha'anin mulki sosai. Shi ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya fara sallar Idi a Shadakoko. Wajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya sauka birnin bayan ya biyo ta Abzin, ya rubuta wa sarki littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Riwayar Kano ta danganta wa wannan zamani sare itaciyar tsafi da gina masallacin Juma'a da hasumiya. Katsina ma riwaya tana mayar da hasumiyar Gobarau ga zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ba a daɗe ba kuwa Imamu Suyuɗi ya aiko wasiƙar nasiha daga Masar, wajen 1493, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas Muhammadu Sattafan. Sarakunan sun shiga sahun waɗanda malaman Alƙahira suke ganin ana iya yi musu magana da harshen shari'a.

Me ya sa masallacin Juma'a ya zama ɗaya tak a gari, kuma ya zama na sarki? Amsar tana cikin littattafan da almajiran ilimi suke biyawa a zaure har gobe, wato Risala ta Ibnu Abi Zaidi da Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya rasu a Masar a ƙarni na 14. A mazhabar Malikiyya Juma'a ba ta tsayuwa sai a wurin da mutane suka zauna da niyyar dawwama, sai a ginannen masallaci, sai da maza 12 mazauna garin ban da liman, waɗanda za su tsaya har a yi sallama. Wanda yake cikin mil 3 daga hasumiya, kimanin kilomita 5, wajibi ne ya zo. Idan kuma aka sami masallatai biyu a gari ɗaya, asalin hukunci shi ne sallar tsohon ce ta inganta. Sharaɗin nan na ƙarshe ya fi ƙarfin a ɗauke shi ƙaramin abu. Ma'anarsa ita ce sau ɗaya a mako gari duka, attajiri da ɗan dako, baƙo da ɗan gida, zai taru bayan liman ɗaya wanda sarki ya naɗa, ya ji huɗubar da ake yi wa sarkin addu'a a cikinta. Shi ya sa a Kano da Katsina da Zariya da Agadas za ka tarar masallacin Juma'a yana daura da fada. Birnin Kano da girmansa ya rayu da masallacin Juma'a guda har zuwa ƙarshen shekarun 1960.

Masallacin unguwa, wanda muke ce wa na hamsu salawati, ba ya jiran waɗannan sharuɗɗa, ba ya kuma jiran rawani daga fada. Malami ya sauka da almajiransa, ko attajiri ya tara bara da baƙi a ƙofar gidansa, sai a shata wuri a jikin zaure, a jera duwatsu ko itace, a zuba rairayi. In hali ya samu a tayar da bango, a ɗora azara. Sunayen unguwannin Kano suna ba da wannan labari da kansu: Mandawari da Zaitawa suna ɗauke da sunayen waɗancan Wangarawa, Sharifai mazaunin zuriyar Almagili ce, Madabo kuma ta shahara da karatun Muhtasar har shugaban malamanta ya sami laƙabin Babban Malami. A Katsina unguwar Masanawa tana tuna Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Limanci yakan zauna a gidan wanda ya kafa, ɗa ya gaji uba in ya yi karatu, in bai yi ba a ɗauko almajirin gidan. Albashi babu. Liman yana ci daga gonarsa, da zakkar hatsi bayan kaka, da zakkar kono a ƙarshen azumi, da goron raɗin suna da na ɗaurin aure, da sadakar jana'iza. Yaɓen shekara aikin gayya ne. A wannan ɗan wuri ake raɗa wa jariri suna, yaro ya fara riƙe allo, a sasanta maƙwabta kafin magana ta kai gaban mai unguwa, a sallaci gawa. Baƙon da aka ga fuskarsa a sahun asuba kwana bakwai ya fara zama ɗan unguwa, ko ba wanda ya rubuta sunansa.

Yadda Turai ta yi nata

Kwatanci da biranen Turai na wannan zamani yana ƙara fito da abin fili, domin su ma suna da hawa biyu: babbar majami'ar bishop, da ƙananan majami'un unguwa, abin da Faransawa suke kira paroisse. Birnin Landan kaɗai yana da fiye da 100 kafin ƙarni na 14, gobarar 1666 ta cinye 87 daga cikinsu. A Paris, bishop Maurice de Sully, wanda ya fara ginin Notre-Dame a 1163, shi ya sake raba tsibirin tsakiyar birnin zuwa irin waɗannan ƙananan yankuna. Da yawa daga cikinsu masu hali ne suka kafa a filayensu, zuriyarsu kuma ta riƙe ikon gabatar da limamin da za a naɗa, kamar dai yadda gidan mai kafa masallaci yake riƙe limanci a wurinmu. A wasu biranen Italiya, irin su Firenze, an bar baftisma a wuri guda domin dukan jariran gari, kamar yadda muka bar Juma'a a masallaci guda.

Bambancin yana wajen iyaka da takarda. Majami'ar unguwa tana da iyakar da aka shata titi bi titi, tana karɓar ushirin amfanin gona da ƙarfin doka, tana da maƙabartarta, kuma tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta wa kowane Kirista ya je gaban limaminsa na kansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutanen unguwa sukan zaɓi wakilai masu riƙe asusun gini, suna rubuta shiga da fita. Daga nan ne masu tarihin Turai suka gaji tarin takardu. Iyakar masallacinmu kuwa inda muryar ladan ta tsaya, kuma ba wanda zai tuhume ka don ka tsallake shi ka yi salla a na gaba. Wannan sakin mara yana da daɗi ga mai ibada, amma ya bar mai binciken tarihi da kunne kawai. Malamin da ke son ɗalibansa su san asalin unguwarsu, ya tura su wurin ladan da tsofaffin gidan liman su ƙirgo limamai baya-baya, su tambayo daga wane gari na farkon ya zo. Jerin limaman unguwa sau da yawa ya fi jerin sarakuna faɗin gaskiya a kan ƙaurar mutane, don ba kasafai ake ƙawata shi ba.

Arewa: birane a bakin hamada

Mu juya arewa, ta hanyar da Wangarawa da Almagili suka bi. Lokacin da matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa ya sauka Takadda a 1353, garin tagulla da masana suke dangantawa da kufan Azelik a yammacin Abzin, ya tarar da alƙali da mai huɗuba da malami mai karantarwa. Inda akwai mai huɗuba kuwa akwai Juma'a. Ke nan tun zamanin Yaji, ko kafin haka, tsarin birni na Musulunci ya riga ya kafu a arewa da mu, kuma tagullar garin tana zuwa har Gobir. Sarautar Abzin ta kafu wajen 1405, ta koma Agadas a tsakiyar ƙarnin. Babban masallacin Agadas, wanda riwaya take danganta shi ga waliyyi Zakariya wajen 1515, shekarar da Askiya Muhammadu ya ci garin, yana manne da fadar sarki. Hasumiyarsa ta ƙasa da itace, mai tsawon mita 27, an sake gina ta a 1844, Bature Barth ya gan ta a 1850, kuma tun 2013 tsohon garin da unguwanninsa 11 suna cikin jerin kayan tarihin duniya na Unesco. Tsarin dai irin na Kano ne: sarki, hasumiya, unguwanni da ƙananan masallatansu.

A kudu maso yamma da Agadas Adar take, ayari yana ratsa ta, amma a ƙarni na 15 ba ta da birni irin waɗannan. Littattafai biyu da suka fito a 1975 cikin jerin Études nigériennes, na Djibo Hamani ɗan Tawa a kan Adar kafin zuwan Turawa, da na Nicole Échard a kan tarihin manoman Adar, sun nuna ƙasa ce ta ƙauyukan Azna a gindin duwatsu da bakin fadamu, kowane da dattawansa masu kula da ibadar ƙasa, ba tare da fada ɗaya da ta haɗe su ba. Inda babu fada, babu wanda zai naɗa limamin Juma'a.

Can arewa kuma, a Azawak, ilimi yana nan jingim, amma a cikin tanti. Shehu Halilu ya yarda a tsayar da Juma'a ga mazauna bukkoki matuƙar sun zauna dindindin, bai yarda ga masu tanti ba, domin yau suna nan gobe sun bi ciyawa. Sai ga abin mamaki: zuriyoyin malaman Abzinawa da suka haddace wannan hukunci, suke karantar da shi, suke yanke shari'a da littafin, su ne hukuncin ya ɗauke wa Juma'a. Masallacinsu duwatsu ne da aka jera a ƙasa da alamar alƙibla. Abin da gini bai ɗauka ba sai zuriya ta ɗauka. Akwai dangin malamai da ake kira Tamesgidda, kalmar da ke nufin masallaci a Tamajak. A cikin ƙungiyar Iwillimmidan ta gabas kuma, Kel Dinnik, limanci muƙami ne da Kel Eglal suke riƙe da shi, a gefen mai tambari. Wato liman da sarki suna nan su biyu kamar a birni, ganuwa da hasumiya ne babu. An taɓa gwada zama wuri guda. Kufan In Teduƙ, a arewacin jihar Tawa, wanda Edmond Bernus da Patrice Cressier da abokan aikinsu suka bincika suka buga sakamakon a 1999, yana da alamun wuraren salla da babbar maƙabartar Musulmi. Riwayar Ibarkorayan ta ce garinsu ne, wani mayaƙi mai suna Hadahada ya rushe shi a ƙarni na 17, mutanen suka watse.

Sarauta ta iso Adar daga Agadas. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Abzin Muhammadu Almubarak, ya karya ikon Kabi a kan ƙasar. Ya hau gadon Agadas a 1687, da aka tuɓe shi a 1721 ya dawo Adar ya kafa gidan Sarkin Adar a Birnin Adar, sarautar da daga baya ta zauna Illela. Tare da shi Lisawan suka zo, aka ba su kula da sassan ƙasar. Fada Musulma ke nan a kan talakawa da mafi yawansu suna kan al'adar kakanni. Malamai suka riƙa zama a gefen ƙauyuka, suna rubutun sha da laya, suna raɗa suna, suna salla da ƴan almajiransu. A irin wannan ƙasa aka haifi Malam Jibrilu ɗan Ummaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda tsananinsa a kan masu haɗa salla da tsafi ya kai har almajirin nasa ya saɓa masa a wasu mas'aloli. Wanda ya san Adar ta wancan zamani ba zai yi mamakin inda zafin ya samo asali ba.

Mutum ɗaya ya yi niyyar gina birni domin a sami Juma'a, shi ne Muhammadu Aljilani na Ait Awari, wanda ya ɗaga tutar jihadi a Adar da Azawak wajen 1809. Ya yi wasiƙa da Muhammadu Bello na Sakkwato, amsar da Bello ya ba shi kuwa ta tsaya ne a kan zaunar da makiyaya a garuruwa, da gina musu masallatai, da naɗa musu limamai da masu karantarwa, irin manufar da Bello ya bi da kansa a ribaɗoɗinsa. Aljilani ya gwada, amma bai daɗe ba. Wanda ya karya shi da taimakon Kel Geres, har ya nemi mafaka a Sakkwato, shi ne Ibra, shugaban Tamesgidda. Malami ne ya kayar da malami, kuma wanda ya yi nasarar sunan danginsa masallaci.

Tawa kanta ba a shata ta da ganuwa da fada a tsakiya ba. Ƙauyuka biyu ne, Bilbis da Fakuwa, suka girma suka haɗe, kasuwa ta ja musu mutane daga kudu da arewa, sa'an nan Faransawa suka kafa bariki a farkon ƙarni na 20 suka mai da garin cibiyar mulki. Sunan unguwa kamar Kurfayawa yana faɗin inda mazaunanta suka fito, Sabon Gari yana faɗin lokacin da suka zo. Kowace ƙungiya da ta sauka takan shata wurin sallarta a ƙofar babbanta. A Kano sarki ya gina na Juma'a, unguwanni suka yaɗu a inuwarsa. A Adar ƙananan ne suka yi ta yawaita, musamman da manoma suka shiga Musulunci gadan-gadan a ƙarni na 20, har suka kai matsayin da jama'a ta ga ta isa ta tsayar da babba. A ganina wannan ne ya sa mutanen Adar suke kallon masallacin Juma'a a matsayin kayan gari, suna alfahari da shi yadda ake alfahari da kasuwa ko gwarzon ɗan kokawa. Daga shekarun 1980, da zuwan ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, da ƴancin kafa ƙungiyoyi bayan 1991, da kuma yawan jama'a, tsohon hukuncin Juma'a ɗaya ya sassauta a duk biranen Hausa, malamai suna kafa hujja da cunkoso da nisa. Wannan babi ne mai zaman kansa.

Ƙauyen Yama, a kudu da Tawa, ya nuna yadda abin yake faruwa, kuma a gaban idon mutanen da wasunsu suna raye. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin a kan Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Babu sarkin da ya ba da umarni, babu kuɗin gwamnati. Aka raba aikin gida-gida gwargwadon hali: masu yin tubali, masu ɗauko shi, masu jan ruwa, masu nemo itace. Ginin farko mai sauƙi ne, ginshiƙai da rufin shimfiɗe. A 1975 Falke ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma bai yarda biyu su yi kama da juna ba. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini, shekaru 24 bayan zaman dattawan. Da yake na ƙasa ne, in damina ta zaizaye shi, gidajen da suka yi tubalin farko su ne dai suke fitowa yaɓe.